Ni Ce Nake Ƙunsa wa Inna Lalle

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya mayar mini da uwata tsaye a kan ƙafafunta.

Sunana Balkisa. Garinmu ƙauye ne kudu da Gazawa, tafiyar rabin awa a kabu-kabu in rairayi bai yi gardama ba. Na yi lakol, wato boko, har ƙarshen kolej, shi ya sa aka ce ni zan rubuta. Na rubuta ne saboda duk gidan da ke da mai tundurmi, wato wannan kumburin ƙafa da ke zuwa ya zauna. Labarin na daɗi ne, ku biyo ni har ƙarshe.

Sunan Inna ba zai fito daga bakina ba, amma duk yankinmu Mai Guɗa ake ce mata. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a garinmu da ƙauyukan kewaye ba a aiko mata da goro ba. In ta kama hanci ta saki guɗa, har masu kiwo a bakin tabki sun san amarya ta iso. Ƙafarta ta hagu ta fara kumburi tun ina ƙarama. A likita, wato ƙaramin asibitinmu, sun ce sauro ke kawo cutar, suka ba ta ƙwayoyi, suka ce abin da ke cikin jini ya mutu amma kumburin ba zai tafi ba. Inna ta karɓi abinta. Har suna ta sa wa ƙafar: Hajiya. Wai don ba ta sauri, kuma dole a jira ta. In mata suka tsaya a ƙofar gida suna kira, sai ta ce, “Ku dakata mana, Hajiya ba ta shirya ba.”

Shirya Hajiya kuwa aikina ne tun ina shekara goma sha biyu. Jajibirin kowane biki, bayan la'asar, sai in jiƙa ƙafafun Inna a ruwan ɗumi, in ɗauko dutsen goge kaushi in yi ta gurza. Hajiya ta fi cin lokaci, don fatarta kauri gare ta, ga lanƙwasa a idon sawu, ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle kusa da yatsu. Inda dutse ya kasa, sai in sa sabuwar reza in kankare. In yanke farce har can ciki. Wani lokaci jini ya ɗan tsattsafo, in danne da yatsa, in shafe wurin da lalle, mu ci gaba da hira. Daga nan in ƙunsa, in sa leda, in ɗaure da tsumma, ta kwana da shi. Da safe in shafa gishirin lalle da toka har tafin ya yi baƙi wuluk. A wurin biki mata su yi ta cewa, “Mai Guɗa, wa ya yi miki wanga ƙunshi?” Ta ce, “Ɗiyata mana.” Ni kuma ina gefe ina jin kaina ya kusa taɓa rumfa.

Abin da ke damunmu shi ne tashin ciwon. Haka kawai sai sanyi ya rufe ta, ta yi ta karkarwa ko da rana tsaka ce. Kaluluwa ta fito, ƙafar ta yi ja, ta ɗau zafi kamar an jingina ta da murhu, ga amai. Ta yi kwana huɗu ko biyar a kwance. In ta tashi, fatar ta saɓule kamar saɓar maciji, kuma ƙafar ta ƙara girma kaɗan, ba ta komawa yadda take. Mu dai masassara muke ce masa. Mu sayi ƙwaya wurin mai tebur, mu jira ya wuce. A kakar bara, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, sau uku ta kwanta cikin wata biyu.

Gwaggo Hure ce ta fara lura. Yayar Baba ce, tana zaune a Gidan Sori, can inda Baba ya taso kafin fatauci ya kawo shi gabas. Bagobira ce ta gaske, ga zane a kumatu, ga murya. Ta zo dubiya, ta zauna ta lissafa da yatsu.

“Ku ba ku da idanu? Bikin ɗiyar liman, ta kwanta. Sunan gidan mai unguwa, ta kwanta. Wanga na jiya, ga ta kwance. Wanga ba ciwon likita na ba. Baki na, ko jifa. Duk inda ta buɗe murya, akwai wanda ba ya so.”

Baba ya duba, ya ga lissafin bai da kuskure. Ranar ya ce Inna ta bar zuwa biki.

Ga abin da ya ruɗe mu: sai ciwon ya tsaya. Wata biyar cur, ko ciwon kai ba ta yi ba. Kowa ya ce Gwaggo ta yi gaskiya. Har ni da lakol ɗina na yarda. Sai dai lafiyar nan ba ta yi wa Inna daɗi ba. A kawo goron gayya, ta ce a mayar. Ta rage dariya. Ta daina kiran ƙafar Hajiya, sai dai ta ce “abin nan”.

Da bazara aka yi biki a gidan da muke katanga ɗaya. Inna ta zauna bayan rumbu tana ɓarar gyaɗar iri, kalangu na tashi. Da wata ta yi guɗa daga can, sai Inna ta ce, “Ji wannan don Allah, kamar kaza ta haɗiye ƙashi.” Ta yi dariya, amma na ga ta goge ido da bakin zane. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, “Inna, biki aka hana ki, ba a hana ki lalle ba.” Na ɗauko kayana. Kaushin wata biyar ya taru, saboda haka ranar na gurza fiye da kullum, rezar ma ta shiga tsakanin yatsu ta ɗan yi zurfi. Da safe ƙunshin ya kama sosai. Inna ta yi ta juya ƙafa tana kallo, ta ce, “Hajiya ta dawo.”

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ta faɗi a bakin turmi.

Wannan bai yi kama da na baya ba. Jan ya haura gwiwa ya nufi cinya. Wasu ƙuraje masu ruwa suka taso a ƙwauri kamar ƙunar wuta. Kashegari ta fara magana ba kan gado, tana tambayata ko an kawo amarya, tana ce mini in ba baƙi ruwa, alhali ni da ita ne kaɗai a ɗakin. Baba ya buga wa Gwaggo waya, ta kamo hanya ta zo. Tana shiga ta ce, “Ya biyo ta har gida.” Aka yi turare, aka karɓo rubutu, aka kira wanzami don ya yi tsaga ya sa ƙaho ya fid da mugun jini.

Wanzamin nan, Allah Ya ba shi Aljanna. Ya durƙusa, ya ɗora bayan hannunsa a ƙafar, ya ɗauke da sauri. Sai ya rufe zabirarsa.

“Ni ban sa aska a nan. Ku ɗauke ta yanzu, kada ku jira la'asar.”

Gwaggo ta ce, “To kai mi anka kira ka ka yi?”

Ya ce, “Baiwar Allah, tun ban da gemu nake tsaga. Na san jinin da ke nawa, na san wanda ba nawa ba. Wannan na masu farar riga ne.”

A amalanke muka kai ta Gazawa, yayana Lawali ya rungume ƙafar a cinyarsa don kada ta bugu. A likita suka sa mata ƙarin ruwa, suka rubuta takarda suka ce mu wuce babban asibiti a Agiye. Muka shiga motar Agiye. Abin da zan ce game da satin farko kaɗan ne, don rabinsa ban san inda kaina yake ba. Na tuna layi, da rana, da takardar magani da ba ta ƙarewa: ka sayo wannan, kafin ka zauna an miƙo wata. Akuyoyin Inna biyu a nan suka tafi. Na tuna kuma matan da ke jinya a gindin dogon yaro, waɗanda ban taɓa gani ba, suna tura mini kwanon fura suna cewa, “Sha, yarinya, in kika faɗi wa zai riƙe ta?”

Lokotoro, wato babban likitan, ya ɗauki bik, biron rubutu, ya zana layi a cinyar Inna, daidai inda jan ya tsaya. Ya ce, “In ya ƙetare nan, ku kira ni ko ina nake.” Ya ƙara da cewa da mun ƙara kwana a gida, da abin ya gama shiga jini. Wannan layin na bik shi na zauna ina kallo kwana uku. Ko salla na tayar, ina sallamewa sai in ɗaga zane in duba. Rana ta huɗu na ga fata mai launin mutane tsakanin layin da jan, faɗin yatsa biyu. Ranar ce kuma Inna ta buɗe ido ta ce, “Wa ya kawo ni gidan da ba a dafa komai?”

A sati na biyu muka san Madam Hamsa, ma'aikaciyar da ke wanke ciwo. Bazabarmiya ce, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Tana shigowa ta ga kumatun Gwaggo, sai ta ce wa sauran majinyata, “Jama'a, kowa ya ɓoye kwanonsa, Bagobira ta shigo.”

Gwaggo ta ce, “Ke wa ya ba ki farar riga? Ko aro kinka yi don ki sha iska?”

Haka suke kullum. Amma in Madam ta kama aiki, ba wasa. Wata safiya ta ce mu matso mu gani. Ta wanke ƙafar da sabulu, sannan ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsakaninsu fatar ta yi fari, ta jiƙe, ta tsage. Tsakanin na uku da na huɗu ga wani yanka ƙarami, bakinsa ya yi ja.

Ta ce, “Kun ga ƙofa.”

Wannan kalmar ita ce ta zauna mini. Ta ce ƙafar mai tundurmi ruwan cikinta ba ya gudu, saboda haka ba ta iya korar ƙwayoyin cuta kamar lafiyayya. Ƙwayoyin kuwa kullum suna nan a kan fata da cikin ƙasa, ƙofa kawai suke jira. Tsagar kaushi ƙofa ce. Damshin da ke kwana tsakanin yatsu har fata ta ruɓe, ƙofa ne. Ƙaya, cizon sauro da aka sosa, farcen da aka yanke ya ci nama, tsagar wanzami, duk ƙofofi ne. Kuma duk tashin da ciwon ya yi, ƙafar na ƙara girma, lanƙwasa na ƙaruwa, wurin ɓuyan damshi na ƙaruwa, na gaba ya fi saurin zuwa. Ta ce sun auna Inna ba ta da ciwon suga, mu gode Allah, don da akwai shi da ƙofar ta fi haka faɗi.

Sai ta tambaya yaushe ciwon ya fi tashi. Gwaggo ta karɓe, ta sake lissafin bukukuwa, ta rufe da cewa, “Jifa na, ke dai yi naki.”

Madam ta ci gaba da aikinta. Ta juya tafin ƙafar, inda baƙin lallen bai gama fita ba. Ta ce, “Kai, wannan ƙunshi ya yi kyau. Wa ke yi mata?”

Na yi murmushi, wallahi har da gyara zama. Na ce, “Ni ce, Madam.”

“Yaya kike yi? Gaya mini tun daga farko.”

Na fara: ruwan ɗumi, dutse, reza, farce, leda, kwana, gishiri. Ina cikin faɗa na ji muryata na raguwa da kanta. Kafin in kai ga gishirin na riga na gane. Jajibirin biki nake yi. Kwana biyu ko uku ta kwanta. Wata biyar ba biki, ba lalle, ba ciwo. Ran da na yi mata a gida, ba ta je ko'ina ba, ba wanda ya ji muryarta, ga ta nan. Wannan yankan da ke tsakanin yatsu, na san ranar da aka yi shi, na san hannun da ya yi shi.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a bayan ɗakin, na haɗa kai da bango ina kuka irin wanda ba ya fita da sauti. Shekara nawa ina buɗe wa cuta ƙofa da hannuna, ina jiran a yaba mini. Muna ta zargin mutanen gari, har Inna ta daina cin abincin wasu gidaje.

Lawali ya zo ya ce Inna na kira. Na shiga kaina ƙasa.

Ta ce, “Balkisa, zo nan. Wa ya koya miki riƙe reza?”

Na ce, “Ke.”

“Ni kuma wa ya koya mini? Uwata. To in kuka za a yi, a tafi kabarinta a fara daga can, a biyo ta kaina, sannan a zo gare ki. Ke ce ta ƙarshe a layi. Share hancinki, kin cika mini ɗaki da majina.”

Madam ta dafa ni ta ce, “Hannun da ya iya ƙunshin nan shi nake nema. Aikin da zan koya miki ya fi lalle son haƙuri.”

Gwaggo kuwa ta kau da kai. Can ta gyara mayafi ta ce, “Ni dai na ce biki na. Kuma biki na. Ban yi ƙarya ba.”

Madam ta ce, “Kun ji ta ko? An kama ta, tana cewa ita ta kama mu.” Har matar gadon kusa, wadda aka yi wa aiki, sai da ta riƙe ciki tana roƙon a daina ba ta dariya.

Kwana goma sha biyu muka yi aka sallame mu. Daga sati na uku aikin ya dawo hannuna. Safe da yamma in wanke Hajiya da sabulu da ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, da tafin hannu kawai, daga yatsu zuwa gwiwa. Na yayyanka tsohon zanen Inna mai laushi, da shi nake bi tsakanin yatsu da cikin kowace lanƙwasa har sai wurin ya bushe ƙarau, sannan in shafa man da aka rubuta mana inda ya tsage. Abin da ba mu taɓa kawowa a rai ba shi ne alwala. Sau biyar a yini ruwa na shiga tsakanin yatsun nan ya zauna. Baba ya tambayi liman, ya ce babu abin da ya hana a tsane ƙafa bayan alwala. Yanzu tsumma na rataye a hannun butar Inna. Lawali ya sa tubali biyu ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen sawu. In tana zaune tana tsinkar zogale, Hajiya na kan kujera 'yar tsugune, tana juya ta sama da ƙasa yadda Madam ta nuna. Inna ta ce wannan rawar Hajiya ce, a nemo mata makaɗi.

Takalmi ya ba mu wuya, don shekaru Hajiya ba ta shiga kowane, da ƙafa tsirara take zuwa gona. Ranar kasuwar Gazawa muka je wurin wani baduku. Ya auna da zare, ya dubi zaren, ya dubi Inna, ya ce, “Hajiya, wannan ai fatar akuya guda za ta ci.” Inna ta ce, “Ta ci biyu a asibiti, ta uku ba za ta gagare ta ba.” Ya ɗinka mata na jar fata mai taushi, da maɗauri da ake sassautawa, har ya yi masa ado da kore ba a roƙe shi ba.

Ba zan ce an rabu da ciwon ba, don Madam ta ce ba a rabuwa da shi, tsaro ake yi. Cikin damina, da laka ta yi yawa, wani wuri ya tsage ƙarƙashin ƙaramin yatsa, Inna ta ce tana jin sanyi-sanyi. Ban jira kowa ba, na tsayar da kabu-kabu muka tafi likita a ranar. Suka ba ta magani, ta shanye shi duka, ko kwanciya ba ta yi ba. Ni ce dai na kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Da aka yi kaka, sai ga goro daga Gidan Sori. Autan Gwaggo, Sanusi, zai yi aure. Uwa ba ta tsayawa a bikin ɗanta, kunya ba ta bari, dole wata ta zama uwar biki. Gwaggo ta aiko cewa Inna take so, kuma da guɗarta.

Baba ya yi ta juya goron a hannu. Ya ce, “Na ji bayanin Madam, na kuma yarda. Amma ni na ɗauke ki a amalanke kina sambatu.”

Inna ta ce, “Malam, wadda ta sa ka hana ni ita ce ta aiko. In na zauna, duk garin nan za su tafi a kan cewa jifa ne. In na je na dawo lafiya, ka mayar mini da muryata.”

Ya dube ni. “Ke kin ɗauki nauyinta?”

Na ce na ɗauka.

Tafiyar da nisa, mota biyu muka sake, muka ƙarasa a amalanke, Hajiya na bisa ƙullin kayanmu. Jajibirin ɗaurin aure da la'asar matan dangi suka cika rumfa da ƙoren lalle. Na tafi in ɗebo ruwan wankin ƙafa. Ina dawowa na hango wata mata durƙushe gaban Inna, ta cire jan takalmin, ta ɗora Hajiya a cinyarta, ga dutse a hannunta. Inna kuwa ta kau da kai wai tana kallon kaji.

Bokitin ya suɓuce mini. Ban san na iya ihu haka ba. Na fizge dutsen, na tsaya tsakaninsu. Matan rumfa duk suka juyo. Wata tsohuwa ta ce, “Wagga ɗiyar wa ce? Haka anka koya musu ga lakol?”

Inna ta ce a hankali, “Balkisa, kaɗan ne fa. Ni uwar biki in shiga taro ƙafa ba lalle, kamar mai takaba, ga mijina can zaune yana cin goro?”

Hawaye suka zubo mini. Sai ga Gwaggo ta yaye labulen ɗakin da take ɓuya, ta fito ba ko mayafi.

“Wadda ta sake kai dutse ga ƙafar nan, ta ɗauki ƙoƙonta ta tafi gida, ko wa take! Ku ba ku san ƙofa ba?”

Ta tsaya tsakiyar rumfa ta zuba musu karatun Madam tun daga kaushi har damshin alwala, ba ta bar ko ɗaya ba, ba ta kuma ambaci Madam ba. Ta rufe da cewa, “Ni na gano shi, tun likitoci ba su gani ba.” Na dubi Inna, Inna ta dube ni, muka sunkuyar da kai don kada dariya ta fito.

Ni na yi wa Inna lallen hannu har wuyan hannu, wanda ban taɓa yin mai kyansa ba. Lafiyayyar ƙafar na shafa mata ba dutse ba reza. Hajiya kuwa na wanke ta, na tsane ta yatsa-yatsa a gaban kowa, na mayar da ita cikin jan takalminta. Tsohuwar nan da ta yi mini faɗa ta leƙo ta ce, “To ai wagga ta fi mu duka ado.” Kafin magariba wata mata ta ja ni gefe, ta ce ƙanwarta na da irin ƙafar, shekara biyu ba ta fita, in sake faɗa mata a hankali yadda ake yi. Ita ce ta fara ce mini in rubuta.

Kashegari da aka kawo amarya, Inna ta tsaya a bakin zaure, ta kama hanci. Kusan shekara ban ji wannan muryar ba. Tantabarun gidan suka tashi gaba ɗaya. Gwaggo da ke ɓoye a ɗaki, an ce da kuka ta amsa. Mutane na ta murna, ni kuwa a raina na fara ƙirga.

Baba ya ce ba za mu kama hanya ba sai kwana ukun sun cika. Rana ta farko na taɓa goshinta ya fi sau ashirin, har ta ce in na ƙara za ta sa a ɗaure mini hannu. Ta biyu ta yi atishawa, na zubar da kwanon miya. Ta uku na ɗaga zane na duba cinyarta inda layin bik ya taɓa zama, babu komai sai fata. Ta ci tuwo, ta nemi ƙari, ta yi gardama da Gwaggo a kan wanda ya fi iya daka tsakanin Gobirawa da danginta Katsinawa.

Ku da ke da mai irin ƙafar nan a gida, ku duba tsakanin yatsunsa yau, kada ku bari sai gobe. Ku raba shi da dutse da reza da aska da leda. Ku tsane masa ƙafa, ku nema masa takalmi. In sanyi ya kama shi ƙafar ta yi ja, likita a ranar. Allah Ya saka wa Madam Hamsa, da wanzamin da ya rufe zabirarsa, da matan gindin dogon yaro. Har yanzu in na ga reza a kanti gabana na faɗuwa, kuma ban san ranar da zai daina ba.

Safiyar rana ta huɗu, bayan Inna ta yi alwalar walaha, na durƙusa a tsakar gidan Gwaggo ina bin yatsun Hajiya da tsumma. Ina kan na uku sai na ji guɗa ta fashe a bisa kaina, doguwa, har sai da kunnena ya yi ƙara. Mata suka fito da gudu, wata da muciya a hannu, amarya ma ta leƙo ta taga. Gwaggo ta ce, “Lafiya? Wa ya haihu?”

Inna ta saki hancinta, ta ɗora hannunta mai lalle a kaina.

Ta ce, “Ba kowa. Na yi wa 'ya'yan mutane shekara talatin. Wannan ta Balkisa ce.” Sannan ta turo mini ƙafar. “Ci gaba, saura yatsa biyu.”